Shaidar Siminti

Ƙarfe huɗu da rabi nake barin Ceilândia,
bas na haki, ni ina gyangyaɗi.
Kafin gari ya waye mun shigo Brasília,
inda ma'aikatu suka jeru sahu biyu
kamar kwalayen ashana da yaro ya kafa, ya tafi.

An ce daga sama jirgi ne birnin nan,
ga fiffike, ga ƙirji, ga hanci.
Ni daga ƙasa na san shi, da tafin ƙafa.
Wanda ya ja layin nan a takarda
bai taɓa tsallaka filin ciyawar da azahar ba,
da ya bar mana bishiya ko ɗaya a tsakiya.

Ni ce Edileuza, mai guga da tsumma.
Shekara ashirin da uku ina goge hawa na shida.
Taku ɗari biyu da sha ɗaya ne barandar,
ƙofa tana kama da ƙofa, lamba ce kawai sunanta.
Korayen marufan taga suna yanka rana sala-sala
su jera ta a kan teburin darakta.
Namu ɗakin yana can ƙarƙashi, maƙwabcin injin ruwa,
sai agogo ya gaya mana an yi yamma.
Mai ɗaki, aka ce, shi ya san inda yake yoyo.
A nan mai shara ce ta sani.

Ubana Genival daga Piauí ya zo,
kwana tara a bayan babbar mota, yana ɗan sha tara.
Jar ƙasa ta rina masa riga, ta rina tofinsa.
Da fitila suke zuba kankare har asuba,
injin kwaɓa ya cinye masa ƙaramin yatsa.
Da gini ya tsaya, aka share, aka dasa ciyawa,
sai aka nuna musu hanya da baki:
can, bayan gari, inda ba za ku ɓata zane ba.

Ya tsufa, ya zo neman fansho da hula a hannu.
Sau uku yana shiga ginin da ba shi ba,
shi da ya san ƙarfen da ke cikin kowanne.
Akawu ya ce, ina shaidar ka yi aiki?
Ya ɗora hannuwansa biyu a kan kanta.
Akawu ya dube su, bai yi dariya ba, Allah ya sani,
ya ce, baba, hannu ba ya shiga fayil.

A watan da itatuwan ipê suke zubar da ɗorawar fure
muka binne shi.

Bara bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa.
Josimar mai gyaran famfo ya ɓamɓare allon bango,
ya haska, ya ce, zo ki ga abu.
A jikin ginshiƙi, daidai ƙirjin mutum,
tafin hannu ne, an danna shi tun siminti yana ɗanye.
Na ƙirga. Huɗu.
Na sake ƙirgawa da bakina.

Na sani, ba shi kaɗai injin ya ciza ba,
masu yatsa tara sun cika motoci a lokacin.
Duk da haka na sa nawa a ciki.
Ya yi mini yawa,
kamar ranar da yake tsallakar da ni titi.

Washegari Josimar ya mayar da allo, ya shafa fenti,
takardar aiki ta ce a rufe kafin Litinin.
Ban kai ƙara ba. Wa zan kai wa, a wace ƙofa?

Masu yawon buɗe ido suna nan da kyamarori,
suna cewa dubi tsafta, dubi layi, dubi gilashi,
kamar daga sama aka sauke shi a gine.
Ina matse tsumma, ina ba su hanya.
Idan na tashi, kafin bas ɗin ƙarfe biyar,
nakan sauka ƙasa, in jingina kafaɗa da farin bangon,
in tsaya jim kaɗan,
injin ruwa yana ta gurnani.