Fitilar Sha Ɗaya

Ni ne na bayan kyamara.
Shekara ashirin da shida ina tsaye
inda ake ganin kowa, ba a ganina.

Da kujeru biyu na aro muka fara,
daga ofishin akawu,
da labule mai zanen duwatsun Shere
wanda ɓera ya ci wa kusurwa.
Ilu Dilimi ya sa kwat ɗin surukinsa,
hannun riga ya haɗiye yatsu.
Jar fitila ta kama, ya ce:
"Mutanen Jos, wanda barci ya ƙi, ya matso."

Baƙon farko tsohon ɗan kuza ne daga Bukuru,
ya zo da shebur, ya ƙi ajiyewa.
Ya yi tari har muka ji kunya,
sannan ya jero sunan mutum tara
da rami ya rufe a ranar Laraba.
Daren nan an manta da tallar sabulu.

Da aka kawo tarho
sai wata Inna Tabawa ta Unguwar Rogo
ta riƙa kira duk Alhamis,
ba tambaya, ba gaisuwa:
"Ilu, hularka ta karkace."
Shekara goma sha ɗaya.
Wata Alhamis wayar ta yi shiru,
ya dubi agogo, ya dubi ni,
ya kai hannu ya gyara hular da kansa.

Shekarar da aka hana fita
a ɗakin shirin muka kwana sati uku.
Ba baƙo, kujera ta yi sanyi,
sai Kaneng mai karanta labarai ta zauna a kai.
Gwate ɗaya a kula, cokali biyu, mu biyar.
Suka yi ta karanta takardun cigiya:
yaro mai jar rigar sanyi,
tsohuwa mai tabo a goshi.
Wani ya bugo daga Farar Gada,
"Tana nan wajenmu, ta ci abinci."
Hoton ya girgiza a gidajen mutane,
aka ce iska ce ta taɓa eriya.
Hannuna ne.

Daga baya komai ya yi ƙyalli,
kujerun fata, fitilu kala bakwai,
baƙi masu zuwa da amsa a aljihu.
Yara suka koma kallonmu a waya,
minti biyu, inda wani ya yi suɓutar baki.

Daren ƙarshe ba a yi kuka ba,
janareto ya mutu kafin sallama.
Kaset ɗin farko kuwa,
an naɗi wasan ƙwallo a kansa tun tuni.

Yanzu dankali nake aunawa a Farar Gada.
Amma sha ɗaya na bugawa
idona na hagu yakan rufe da kansa,
na dama yana neman wanda zai matso.