Ashirin da Bakwai

Ni na tsare gidan 'yan Gidan Auduga na Gusau,
shekara tara, hannu ba safa.
Ƙirjina ya san nauyin tamola
ta fata, mai ɗinkin igiya;
wanda bai tare ta a jiƙe ba, bai san ta ba.

Ana shakkata daga Tsafe har Mafara,
ban da wani ɗan dako na tashar Ƙaura,
Labbo, gajere, mai ƙafar baka.
Da hantsi buhun gyaɗa a wuya,
da la'asar ya shigo fili, bai ko huta ba.

Ba ya gudu. Yawo yake yi
kamar mai cigiyar akuya.
'Yan baya su saki jiki, su dubi wani wuri,
sai ka ji gwangwala ta yi ƙara,
yara sun bi ƙwallo cikin dawa,
ni ina nan tsaye, ban ma faɗi ba.

Ya ci ni da hagu, ya ci ni da dama,
ya ci ni da ƙeya ran da aka yi ruwa.
Babban tasha ya sayo masa takalmi,
ya sa rabin lokaci, ya ba yaro ya riƙe,
wai yatsu ba sa gani a ciki.
Tun ranar bai ƙara sa shi ba.

Malam Nomau akawun tikiti
shi ke rubuta kowace a bayan littafin kaya.
Gara ta cinye littafin a damina guda.
Yau a Ƙaura wani ya ce ɗari uku,
wani ya ce ɗari huɗu da sha ɗaya, har da rantsuwa.
Ni nawa na sani, ashirin da bakwai,
babu wadda ba ta hana ni barci ba.

Tarago ne ya ja da baya wata Talata,
ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, gwiwa a tsakani.
Aka kawo shi Gusau kwance kan buhuna.
Na je asibiti da goro a aljihu,
na tsaya bakin ƙofa, ban shiga ba.

Bayan shekara talatin, a Kasuwar Daji,
na gan shi gindin bedi yana facin keke.
Ya ce, "Golan Auduga! Kai ka kama mini ɗaya."

Na tuna. Fanareti ce,
ran da tsohona ya zo daga Kwatarkwashi kan jaki
ya ga abin da ya raba ni da fartanya.
Ƙwallo ta taho a hankali
kamar an aiko yaro da ƙwaryar fura.
Har tsoho ya rasu yana ba da labarin.
Na ce, "Labbo, da gangan ka yi?"
Ya tsoma roba a ruwa yana neman kumfa,
ya ce in miƙo masa gam. Bai ɗago ba.

Jiya bayan azahar muka kai shi.
Na kama makara ta gefen hagu,
samari na ta cewa Baba kawo a karɓe ka.
Bai kai nauyin jiƙaƙƙiyar tamola ba,
kuma har bakin rami ban saki ba.