Sallama Daga Sama

Inna Yalli ta koya mini gaisuwa mai tsawon igiyar rijiya:
kwana, gajiya, gida, yara,
ruwan bana, gwiwar da ta yi ciwo bara.
Ba a taɓa zance sai tabarma ta ɗauki ɗumi.

Kyaftin Sahabi ya sa wuƙa ya datse igiyar.
Ya ce, "Layin nan na kowa ne,
kamar gadar Rima ranar kasuwa.
Fara da kunne. In wani na kai, bari ya ƙetare.
Sannan kira tasha da sunanta,
faɗi lambar da ke wutsiyar jirginki,
harafi harafi, kar ki haɗiye ko ɗaya.
Ina kike, tsayin ƙafa nawa,
a wace mita kike saurare,
don mai amsawa kunnuwa huɗu ne a gabansa,
bai san wanda ya motsa ba.
Sai ki ɗage yatsa."

Ɗage yatsan ya fi komai wuya.

Talata, bisa Bodinga, ƙafa dubu uku da ɗari biyar.
Gero ya yi kunnen kare a ƙasa,
hadari na ɗaura rawani ta wajen Dange.
Na danna maɓalli.
"Ina wuni" ta taso har leɓe,
na cije ta, ta koma.
Na kira Sakkwato. Na faɗi lambata,
inda nake, inda na kasa kunne.
Na saki.

Shuuu, iska kawai cikin kunne.
Yatsa na ƙaiƙayi, yana son sake bugawa.
Na ƙirga bakwai.

Sai wata murya, busasshiya kamar kilishi,
ta maido mini lambata daidai, ba ragi,
ta ce in faɗi buƙata.
Na nemi labarin hadarin. Ta ba ni a awo.

Ashe tsayuwar ƙofar zaure ce:
ka ambaci mai gida, ka ce kai wane,
ka tsaya da takalminka har a amsa.

Da dare na kwashe duka na gaya wa Inna.
Ta daɗe tana juya ludayi cikin fura.
"Shi wanga da ya amsa miki,
kin tambayi lahiyar iyalinai?"
Na ce ba a yi.
Ta kwance bakin zane, ta ciro goro biyu.
"Gobe in kin sauka, kai mai."