Awon Ƙafa

Shekara ashirin ina auna mutane a Aboabo,
kafaɗa, ƙugu, tsawon wando.
Yau ni aka baje a tebur ana aunawa.

Mista Amankwa na inshora ya buɗe fayil:
ƙwauri, karaya biyu, ƙarfe a ciki.
Ya danna kalkuleta, ya ce sidi dubu goma sha huɗu.
Lauya ya yanki nasa tun ban ga launin kuɗin ba.

Na ce, ta dama ce fa,
ita ke taka keken ɗinki.
Ya duba takarda. Babu gurbin wannan.

Babu gurbin ɗinkin Sallah da ya koma shagon Mumuni,
ko na Fusena da ta sayar da kwanukanta
ta biya kuɗin allura.

Direban trotro ya zo dubiya sau ɗaya
da lemo a leda, idonsa a ƙasa.
Na yafe. Motar ma ba tasa ba ce.

Aka miƙo biro. Nan, da nan.
Na sa hannu,
na dogara sanda har Kejetia
ina tambayar kuɗin keke mai lantarki.