Kunama a Wuyan Hannu

Jidda, bayan la'asar,
gishirin teku na lasar tsirkiya.
Kakana Jatau da yatsu uku yake ja
har suka yi kanta.
Ni ƙugiya aka ɗaura mini a wuyan hannu,
da 'yar kunama a gefenta.

Kibiya tara na ɓarar.
Da na hango tsakiya
sai kan yatsa ya kai mata sara.

Malam Hamadu ya lanƙwasa manuniyata:
"Gaɓa ta biyu. Rungume ta, kada ka matsa.
Bar allon kafaɗa ya yi ta ja,
yatsa ba ruwansa."

Ta goma ta tafi ban sallame ta ba.
Sai da na ji tim!
na tuna da numfashina.