Karyar Tsoho Wilf

A Cradley Heath, bayan tsohuwar maƙera,
Wilf ya fito da karyarsa da sassafe.
Gajera ce, ƙirji kamar turmi,
kai faffaɗa, kumatu cike da tsoka,
wuya ba tsawo, sai kauri,
gashinta ja da baƙi a cakuɗe
kamar ƙarfen da wuta ta lasa ta bari.

Na ja da baya. Ya yi dariya.
"Kakanninta," in ji shi, "bijimi ake ɗaurewa a sake su,
su cafki hanci, ba sa saki,
jama'a na ihu, ana zuba kuɗin caca.
Da hukuma ta hana, aka gauraya jininsu
da na ƙananan nan masu kashe ɓeraye:
ƙarfi daga nan, zafin nama daga can.
Kakana maƙerin sarƙa ne,
shi da karensa kwano guda."

Ita kuwa ta washe baki har kunne,
ta zauna mini bisa takalmi,
nauyi kamar buhun gishiri.
Aka soma yayyafi.
Ban shafa ta ba.
Ban kuma janye ƙafata ba.