Suya ta Biyu

Ɗaya saura kwata na dare, bayan tashar jirgin Daegu,
na kashe tasi, na bi ƙamshi.
Tebur huɗu kacal. Guda na rawa,
an tokare shi da murfin kwalba.

Pyo Deok-man na gaban kasko.
Shekara ashirin a masaƙa, aka ce ya huta,
kuɗin sallama ya zama mai da tukunya.
Sau biyu yake suya:
ta fari don naman kaza ya nuna,
ta biyu don fata ta yi ƙara a haƙori.

Matarsa Ok-bun ta dire mini kwano,
rabi fari,
rabi cikin jan yaji mai zuma da tafarnuwa.
Na ƙona harshe. Ban fasa ba.

Autarsu ta yi barci kan littafin lissafi,
fensir a hannu.

Ruwa ya kece.
Ɗansu ya fita da babur kai saƙo
tun ɗazu.
Ok-bun na goge teburin da ta riga ta goge.
Ta ware cinya ɗaya, ta kifa mata faranti.

Ƙashi ya rage gabana. Na biya,
na kasa tashi.
Ba mai magana, sai mai da ke tsaki a kasko.

Can, ƙugin babur a lungu.
Ta ɗage farantin tana faɗa:
"Wa ya aike ka ba rigar ruwa?"

Na fita da danƙo a yatsu,
na kunna fitilar neman fasinja.